Farin abu kamar gishiri ya kama min akwatin kifi, da me zan wanke kada kifayen su mutu?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ina Birnin Kebbi, maigida ya sawo wa yara akwatin kifi na gilashi kusan wata takwas ke nan, kifin gwal huɗu ne a ciki da famfo da filta da hita da muka yi amfani da ita lokacin hunturu. To yanzu wani farin abu kamar gishiri ya yi layi a jikin gilashin daidai inda ruwa ke tsayawa, na sa tsumma na dirza har hannuna ya gaji ko gezau, murfin ma duk ya yi fari, famfon kuma ya fara wani ƙara gurrr da dare kuma ruwan da yake turowa ya ragu sosai. Ruwan burtsatse muke zubawa, in ya ragu sai mu cika kawai. Ƙanwata ta ce in sa Omo da Hypo amma gabana na faɗuwa, wallahi yaran nan sun shaƙu da kifayen, ƙaramar kullum ita ke ba su abinci kafin ta tafi makaranta. Me zan yi?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Hajiya don Allah kada ki kusanto da Omo ko sabulu ko wane iri, ko kin ɗauraye sau goma yana maƙalewa a lungun famfo da soso, ya shiga ruwa ya lalata wa kifi inda yake numfashi. Kuma ma ba zai cire abin ba don ba datti ba ne, sinadarin kalsiyam ne da ke cikin ruwan burtsatse, irin wanda ke taruwa a gindin butar dafa ruwa. Tsami ne maganinsa. Ki nemi farin khal, wanda ake ce wa binega, na girki mai kashi 5 cikin ɗari, shagunan kayan kek suna da shi. Ki haɗa rabi khal rabi ruwa a roba, ki cire famfo da hita da murfi ki jiƙa su a waje, ba cikin akwatin ba.

Anti Larai Jega:
Kanwa hwa? Mu da ita muka wanke tukunya tun muna yara, ko toka.

Baban Sadiq:
Anti kanwa da toka maiƙo suke cirewa. Wannan farin abin ɗan uwansu ne, ba tsami gare su ba, ba za su narkar da shi ba, ki bar su wa tukunyar.

Malam na Argungu:
Gaskiya Baban Sadiq ya hwaɗi. Ni shekara shida ina kiwon su, ga yadda nika yi. Ki zare wuta tukuna, hita kuma ki bar ta ta huce kamar minti 20 kahin ki hidda ta daga ruwa, in da zahi gilashinta na iya tsagewa. Famfon nan da kika ce yana ƙara, ki buɗe gabanshi za ki ga wata yar farfela ƙarama da maganaɗisu a gindinta, ki jawo ta a hankali, akwai siririn sanda a tsakiya kada ya karye ko ya ɓace miki. Nan ne farin abin ke taruwa ya hana ta juyawa. Da kin jefa ta cikin khal za ki ga yan ƙananan kumfa na tasowa kamar an buɗe lemun kwalba, abin ne ke narkewa, iskar kabon ce ke hita. Minti 30 zuwa awa guda ya isa in bai yi kauri ba, in ya yi kauri ki ba shi awa biyu ko ukku, sannan tsohon buroshin haƙori wanda kika wanke man ya hita tas, ki bi ramin da farfelar ke zama. Ki ɗauraye da ruwa sosai har sai kin shinshina ba ki ji warin khal ba.

Amma sosan da ke cikin filta kada ki sa mai khal ko kaɗan, wanga shi ne kuskuren da ni yi a farko. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune cikinshi, su ke cinye gubar da ke hitowa daga kashin kifi, na wanke shi fes ina murna, kwana huɗu ruwa ya yi hazo kifi biyu sunka mutu. Ki ɗebi ruwan akwatin a bokiti ki matse shi ciki sau biyu ukku ki maida, ko bai yi fari ba ba komai.

Maman Hanifa:
Allah ya saka da alheri Malam. To gilashin fa, sai na kwashe kifayen? Kuma in ban samu khal ba lemun tsami zai yi?

Ummu Khalil Gusau:
Ba sai kin kwashe su ba yar uwa. Ki rage ruwan ya sauka kamar faɗin tafin hannu ƙasa da layin, ki jiƙa tsumma mai tsabta da khal ki matse shi sosai yadda ba zai ɗiga ba ki manna a wurin minti goma, ki goge, ki bi da wani tsumman na ruwa zalla. Wanda ya ƙi fita sabuwar reza ki kwantar da ita ki kankare a hankali, amma ki nisanci kusurwa inda gam ya haɗa gilashin, kuma in akwatin na roba ne ba gilashi ba kada ki sa reza ko soson ƙarfe zai yi zane har abada. Lemun tsami yana yi, ki tace shi da kyau don ɓarɓashinsa kada ya shiga famfo, sai dai za ki matse da yawa.

Sannan Hypo ɗin nan da ƙanwarki ta ce, ko a banɗaki kada ku taɓa haɗa shi da khal ko lemun tsami, iskar kulorin yake fitarwa mai shaƙe mutum, ga yara a gida.

Malam na Argungu:
Abu guda ya rage, wannan cikawa kawai da kuka yi ita ta jawo. Zahin Kebbi a Maris da Afrilu da ka wuce digiri 40, ruwa na tashi sama amma sinadarin baya tashi, yana nan, kin ƙara na burtsatse kin ƙaro wani. Duk sati ki kwashe kashi ɗaya cikin huɗu ki zubar ki zuba sabo, ki riƙa goge bakin gilashin ranar tun bai daskare ba. Kifin gwal ruwan burtsatse bai damunshi, kada ki ce za ki canza masu ruwa duka rana guda.

Maman Hanifa:
Na dawo da labari. Jiya da yamma na samu khal ɗin na yi yadda kuka ce, wallahi kumfar nan Hanifa ta tsuguna gaban roba ta ƙi tashi har ta daina fita. Farfelar ashe baƙa ce, ni na ɗauka fara ce. Famfo ya yi shiru ruwa na zuba kamar sabo, murfin ne kawai akwai saura a lungu na sake jiƙa shi yau da safe. Malam, hitar tunda ba sanyi yanzu in ajiye ta ne ko in maida?

Malam na Argungu:
Ki shanya ta ta bushe ki naɗe a tsumma ki aje sai Disamba.