“Ba girin-girin ba, ta yi mai”: da ni Kawu yake ko da injin?

Ɗan Rikkos:
Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta hana ni sukuni tun jiya. Kawuna yana da ƙaramin injin yankan itace, Stihl MS 180, da shi muke sare rassan mangwaro da bishiyar turare a gidajen mutane, mu faskara mu kai wa masu shayi da gidajen burodi. Ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kai mai inci 14 ne, ya cinye har sarƙar tana kwanciya gefe guda. Ya ba ni kuɗi in sayo sabo. Na je kasuwar Dilimi a Jos na tarar da mai inci 20 haɗe da sarƙarsa, kuɗin ma bai kai na ƙaramin ba, mai shagon ya ce in ramin noti bai zo daidai ba zai huda mini. Na saya, don akwai wani turare da aka ba mu a Bukuru wanda mutum ɗaya ba ya iya rungumar gindinsa. Ina kawowa Kawu ya juya shi sau biyu, ya ajiye a benci, ya ce “ba girin-girin ba, ta yi mai,” ya ɗauki butarsa ya wuce masallaci. A gaban yaran aiki fa. Ni taimako na yi niyya. Shin wannan maganar faɗa ce, ko cewa yake a gwada a gani?

Mai Inji Katako:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a shiga Hausa bari in tambaye ka. Ka duba gindin ƙarfen, wajen da yake shiga cikin inji, akwai lambobi a buge. In ka ga .325, wato awon tazarar ƙusoshin sarƙa, to na manyan injinan nan na Chana ne masu cc 52 da 58. Injin kawunka cc 32 bai cika ba, kuma sifiroket ɗinsa, wato giyar da ke jan sarƙa, na sarƙar 3/8 ƙarama ce, wadda Stihl ke kira Picco. Haƙoran ba za su hau juna ba ko ka huda rami goma. In ma ka yi dabara ta juya, injin zai yi ta kuka yana shaƙewa cikin itace, kuloci ya ƙone. Kuma abin da kawunka ya faɗa, wallahi mai yake nufi na gaske: famfon man ɗan injin nan ba a yi shi don ya jiƙa inci 20 ba. Ka tayar da inji, ka nufi bakin ƙarfen kusa da farin kwali ka ba shi wuta kaɗan. In ba ka ga layin mai ya fantsama a kwalin ba, ƙara kawai kake yi.

Maman Hanifa:
Malam Mai Inji, kai komai sai ka mai da shi noti da sifana. Tun kafin Bature ya kawo inji ake wannan karin maganar. Ni yadda na taso na ji, daga kaɗa nono take. Ki yi ta girgiza gora tun safe, ƙara na tashi, in ba a tsamo man shanu ba aikin banza ne. Kawunsa cewa yake yi kada girman abu ya ruɗe ka.

Malamin Hausa Gangare:
Hajiya, akwai masu kai ta wajen miya, wato ba tafasar tukunya ba, a ga mai a sama. Amma ku lura da “ta yi”. Fata ce da sharaɗi, ba hukunci ba. Mai faɗarta bai ce ba za ta yi ba, cewa ya yi sai na gani. Da yanke hukunci Kawu yake so ya yi, araha ba ta ado ta ishe shi.

Na Bauchi Road:
To ai mu a nan kullum girin-girin muke gani. Jiniya, motoci ashirin, 'yan banga, a zo a yanka zare a kan rijiyar burtsatse. Bayan sati biyu ka murɗa famfo ya yi maka tari.

Ɗan Acaɓa Mai Ritaya:
Ka bar batun ruwa. Tun da aka cire tallafi a 2023, duk wanda ya ce “ta yi mai” sai gabana ya faɗi. Su kam ta yi musu mai, har da kitse a wuya.

Jikar Inna:
Don Allah ku bar 'yan siyasar nan, kun tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. Inna ƙuli-ƙuli take yi a Bukuru tun zamanin da leburorin kuza ke cika kasuwa ranar biya. Turminta ɗan ƙarami ne, baki ya tsage an ɗaure da waya, amma ba ta yarda kowa ya daka barkono a ciki. Ni ce mai fece gyaɗa bayan an soya an murza, har yau in na ji ƙamshin soyayyar gyaɗa sai in ji kamar ɓawon yana manne mini a gira.

Da aka kawo injin niƙa unguwarmu duk mata suka koma can. Inna ta ƙi, kusan shekara guda tana daka da hannu. Rannan ƙafarta ta kumbura, ta ce in ɗauki tiya huɗu in kai. Ina tsaye injin yana girgiza ƙasa, bel yana kaɗawa, mai injin sai da hannu yake magana. Cikin ɗan lokaci ya gama abin da ke cin mana yini. Na dawo da rawar jiki ina ba ta labari. Ba ta ce komai ba. Ta zuba a turmi, ta ɗebo ruwan zafi da ludayi tana ɗigawa kaɗan-kaɗan, tana juyawa da taɓarya. Muka juya, muka juya, har aka kira la'asar, tunkuza ta ƙi sakin mai. Ashe kafin tamu ya niƙa jiƙaƙƙen gero, bai goge injin ba. Nan ta ɗago ta dube ni ta faɗi wannan maganar, kalma-kalma yadda kawun Ɗan Rikkos ya faɗa. Na yi kuka ranar, don jarin sati ne ya tafi, kuma gani nake laifina ne.

Abin da ya sa ban iya ce muku ga ma'anarta ba shi ne, sati na zagayowa ta sake aike na wajen mai injin. Sai dai ta ce in je da asuba in zama ta farko, in kuma tsaya a kansa ya goge. Har ta rasu ba ta ƙara daka gyaɗa da hannu ba. Kuma duk ranar da man ya fito da kyau, ta cika kwalabe ta jera a taga, sai ta sake faɗar maganar tana dariya. Ranar asara ita, ranar riba ma ita.

Maman Hanifa:
Allahu akbar. Allah ya kai haske kabarin Inna. Irin ƙulin nan mai zobe take yi ko mai sanda?

Jikar Inna:
Amin Hajiya. Mai zobe, da ɗan yaji. Yara su jera a yatsu biyar suna ci ɗaya-ɗaya.

Malamin Hausa Gangare:
Kun ga abin da nake faɗa. Inna ta goyi bayana.

Maman Hanifa:
Ina ta goyi bayanka, Malam? Ai ranar farko faɗa ta yi da ita.

Mai Inji Katako:
Allah ya jiƙan Inna, amma yaron nan har yanzu yana da ƙarfe a benci. Ɗana, ka mayar. Ka nemo inci 14, ko 16 in ka matsa, kada ka wuce nan. Ka tafi da tsohuwar sarƙar ka ƙirga 'yan ƙafafun da ke gudu cikin kwarin ƙarfen: na Stihl mai inci 14 guda 50 ne, mai 16 kuma 55. Kaurin ma iri biyu ne, milimita 1.1 da 1.3, dole na sarƙa ya zo ɗaya da na ƙarfe. Magagari mai milimita 4 za ka riƙa wasawa da shi, kuma duk sanda ka wasa ka juya ƙarfen sama ya koma ƙasa, rashin yin hakan ne ya sa na da ya cinye gefe guda. Ku kuma daina zuba masa baƙin mai na juye, yana kashe famfo. Turaren Bukuru kuwa, in ya kwanta ana yanka shi ta gefe biyu da ƙaramin ƙarfe. Amma kayar da shi ba aikin MS 180 ba ne. Ku zo kasuwar Katako ku ɗauki mai Stihl 070, injin cc 106 da ƙarfe inci 36, ya kayar muku ku biya shi. Kuma ka kiyayi taɓa itace da saman hancin ƙarfe, nan yake zabura ya dawo wa mutum fuska. Na ga wanda ya samu ɗinki daga goshi zuwa kunne.

Na Bauchi Road:
Mai 070 ɗin nan ko zai zo ya duba mana wani allon ɗan takara da ya tare mana rana tun zaɓen da ya wuce?

Ɗan Rikkos:
Na duba, .325 ne a rubuce. Na gode Baba Mai Inji. Da safen nan na gaida Kawu ya amsa lafiya lau, har ya tura mini sauran kunun gyaɗarsa, amma bai tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Mai shagon kuma ya ce ba ya mayar da kuɗi, sai dai canji.

Ɗan Acaɓa Mai Ritaya:
Yaya Jikar Inna, turmin nan mai waya yana nan? Uwargidana na neman ƙarami irinsa, na kasuwa yanzu duk ɗanyen itace ne.