Musayar Waƙa: Ɗagel, Ƙauyen da Ya Haifi Daula

Malam Na-Gwadabawa:
Salamu alaikum. Jiya na dawo daga ziyarar Ɗagel, abin ya hana ni barci. Ƙwar biyu za mu yi, amsa-amo "ri". Wanda ya karya, goro na kansa.

Bismillahi, ya Jalla, ka ban basira,
In wa Ɗagel waƙa, in ba da labari.

Na sauka kan babur, ƙura har a gira,
Na ce wa ɗan kabu-kabu, "To ina gari?"

Ya nuna rumbuna da 'yan gidajen laka,
Ya ce, "Ai ka iso, Malam, nan ne wuri."

Nan Shehu Usmanu ya shimfiɗa buzunsa,
Maratta aka haife shi, nan ya zam mashahuri.

Nan Fodiyo, mahaifi nasa, ke kwance,
Na tsaya na yi Fatiha gaban kabari.

Abin da ya dame ni, uwar daula guda,
Yau ko a taswira sai an yi nazari.

Inna Jaji:
Wa alaikumus salam. Malam, ka lissafa maza ka tsallake cikin gida.

Ka manta Nana Asma'u, 'yar Shehu,
A nan aka yanke cibinta tun fari.

Tagwaye ne, ita da Hasan ɗan'uwanta,
Ba a ce Usaina ba, Shehu ya sauya tsari.

Allon da ta wanke a tsakar gidan nan,
Shi ya haifi 'Yan Taru, babban jari.

A 1793 aka haife ta, ga masu son lissafi. 'Yan Taru kuwa ƙungiyar ilimantar da mata ce da ta kafa.

Baba Mai Tsage:
Inna, a gafarce ni, zan taɓa inda ke ciwo.

Kuna ta Ɗagel, Ɗagel, ƙasar wa ce?
Gonar Gobir ce, ku tambayi Bagobiri.

Da Bawa Jangwarzo ya tara malamai
A Magami ran Idi, ya yi alheri.

Shehu ya ƙi kyauta, ya roƙi abu biyar,
Bawa ya ce an ba ka, ba tare da gori.

A bar shi wa'azi, a saki fursuna,
A rage haraji, kar a yi wa talaka ƙari.

Ku naku ƙauyen har da ɗan kabu-kabu,
Alkalawa, fadar Gobir, fa? Sai iska da ƙwari.

Malam Na-Gwadabawa:
Baba, Bawa kam mun yaba masa,
Amma Sarki Nafata ka wuce shi da sauri.

Shi ya hana rawani, ya hana mayafi,
Ya ce mai wa'azi, in ba Shehu ba, ya bari.

Sai Sarki Yunfa ya tura yaƙi Gimbana,
Aka biyo ta Ɗagel da mutane a mari.

Jama'a suka kwance su, Yunfa ya aiko cewa
Shehu ya fita da iyali, ya bar almajiri.

Shehu ya ce, ba na rabuwa da jama'ata,
Tare za mu tashi, kowa ya yi shiri.

Raƙuman Agali Buzu suka ɗau littattafai,
Aka nufi Gudu, da yara, da tsofaffi, da haƙuri.

Fabrairun 1804 ke nan. Alkalawa kuwa sai 1808 ta faɗi. Shekara huɗu tsakani, Baba, ba mu muka fara ba.

Autan Zaure:
Iyayena, a ba ni dama in jefa ɗaya.

Daga Gudu har Gwandu, Sifawa, Sakkwato,
Shehu bai sake komowa Ɗagel da zama ba.

Inna Jaji:
Ɗana, maganarka gaskiya ce, a Sakkwato ya rasu a 1817. Amma ina "ri" ɗinka? Mu dai "ba" muka ji. Miƙo goro.

Baba Mai Tsage:
A aiko goron nan Sabon Birni,
Mu aka ci da yaƙi, mu ke da ƙari.

In an zo rabo, Inna, ki sa ido,
A ba su ja, ni a ba ni fari.