Ƙwarangwal ɗin 'yar tsanar sitof-moshan: wace waya ce ke jure lanƙwasa?

Ummu_Zane: Salam 'yan uwa. Dan Allah duk wanda ya taɓa haɗa 'yar tsana mai lanƙwasuwa ta sitof-moshan, wato fim ɗin da ake ɗan motsa 'yar tsana ana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya, ya gaya mana yadda ya yi da ƙwarangwal ɗin ciki. Tawa da wayar jan ƙarfe na haɗa, ana tsakiyar ɗauka hannu ya ɓalle daga gwiwa, abin ya min ciwo wlh.

Baban_Hoto: Wa alaikis salam ƙanwata, sannu. Halin jan ƙarfe ke nan, yawan lanƙwasa shi a waje ɗaya yana sa ya yi tauri sai ya karye, kuma ki duba fa, in kina ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa ɗaya, daƙiƙa 10 kacal hoto 120 ne, kusan kowanne sai kin taɓa hannun nan. Ni wayar alminiyam mai laushi nake sa, ta milimita 1.5, in ninka biyu in maƙala a bakin injin huda ya murɗa min su su zama igiya ɗaya, amma kar murɗin ya yi tsanani. Kuma ki naɗe bakin filaya da tef, don duk inda ta karce wayar nan ne za ta karye.

Sadiya_K: Gaskiya ne Yaya. Ni abin da ya gyara min aiki ƙullin ifoksi ne, wanda ake cuɗa kala biyu ya daskare kamar dutse. Ina sa shi a cinya, ƙwauri, damtse da ƙirji, in bar gwiwa da kafaɗa waya zalla, sai ta dinga lanƙwasuwa a gaɓa kawai. Amma ki bar tazara ko ta santimita ɗaya a gaɓar, in ta matse waje ɗaya ne zai sha wahala.

Dan_Kamara: Ni tsayuwa ce ta wahalar da ni, ana ɗaga ƙafa ɗaya sai ta kife. Yanzu noti nake binnewa a tafin ƙafa da ifoksi, in huda katakon dandalin in ɗauro sukuru ta ƙasa. Maganaɗisu ma na gwada, bai riƙe min ba in za ta yi taku. Kan 'yar tsanar kuma kar ya yi nauyi, dunƙulen takardar alminiyam nake sa a ciki.

Ummu_Zane: Allah ya saka muku. Jikin fa? Plasticine ɗina, yumɓun roban nan da ake mulmulawa, yana laushi in fitila ta yi zafi, ga tabon yatsa ko'ina.

Sadiya_K: Ki koma fitilar LED, ba ta zafi sosai. Jiki kuma soson katifa nake yankawa siriri in naɗe wayar da gam, in gyara da almakashi, in ɗinka mata kaya a kai, hannu kaɗai nake shafa wa ruwan lateks, wato ruwan roba, shafi-shafi kowanne ya bushe tukuna. Hannun ki yi shi mai cirewa, ki tanadi na canji, yatsu ne ke fara karyewa.