A taimaka da shawara: wane gem ne yaro zai gina abinsa da kansa?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema don Allah. An yi hutu, Khalifa ya ishe ni da zancen wani gem da ake gina gidaje a ciki. Shekararsa 12. Wayar tsohuwar ta babansa ce, ram ɗinta 3, data kuma kun san halin da ake ciki. Ni dai ban son na harbe-harben nan. Wanne za a saka masa?

Abba Kofar Kaura: Wa alaikumus salam Anti. Minecraft yake nufi, ko tantama babu. Na kuɗi ne a Play Store, amma sau ɗaya ake biya, daga nan ko babu data zai buga. Ki ce a buɗe masa ɓangaren Creative. Can babu dodo mai kashe shi, babu yunwa, kayan gini ba sa ƙarewa, har tashi sama yake yi ya leƙo ginin nasa. In yana da abokin da ke da shi, hotspot kawai za su kunna su shiga duniya ɗaya.

Sadiya: Abba ka manta da marasa katin da ke biya a Play Store. Anti, akwai Luanti, da can sunansa Minetest, a 2024 suka canza. Kyauta ne, ba talla, kuma bai da nauyi. In an sauke shi sai a shiga ciki a zaɓi wasa, ni VoxeLibre na saka wa ƙannena don shi ya fi kama da Minecraft. Bai kai shi kyan gani ba, gaskiya, amma ga ram 3 ya fi zama lafiya.

Maman Khalifa: To madalla. Shi kuma Roblox ɗin da 'yan ajinsu ke ta faɗa fa?

Malam Sada: Hajiya, shi wannan a yi a hankali. Roblox ba gem ɗaya ba ne, fili ne da mutane ke ɗora wasannin da suka ƙera, tun 2006 yake. Akwai masu kyau, akwai shirme iya shirme. Sai da intanet yake tafiya, don haka data za ta ji a jikinta. Sannan yaro na iya hira da mutanen da bai sani ba. In za a bar masa, a saka shekarunsa na gaskiya, ki haɗa asusunsa da naki ki taƙaita hirar. Kuma abin da yake so, wato ginin, ba a waya ake yinsa ba. Roblox Studio sai a kwamfuta.

Bishir Daura: Malam ya gama magana. Amma Anti bari in kwaɗaita miki Minecraft ɗin da abin da muke yi nan Daura. Ni da wasu yara biyu na unguwarmu mun tayar da unguwar Kusugu a ciki, rijiyar da ɗakin da aka gina a kanta, da lungunan da ke kewaye. Abin da ya ba ni dariya, tun da masu Minecraft suka ƙara laka a 2022, in kana son tubalin ƙasa sai ka zuba wa ƙasa ruwa daga kwalba ta zama laka, ka haɗa ta da alkama ta daskare, sannan ka haɗa guda huɗu su ba ka tubali. Daidai yadda magina ke kwaɓa ƙasa da ciyawa kafin su dunƙula. Na nuna wa kakana, ya ce to su kuma waɗannan mutanen wa ya koya masu? Daga nan ya karɓe aikin duba-gari. Ya ce zankayen sun yi gajarta, indararo ya kalli inda ruwa ba ya bi, zauren kuma babu dakali. Sai da muka rushe gefe guda.

Abba Kofar Kaura: Hahaha, Baba ya zama injiniya. Azarar fa da me kuka yi?

Bishir Daura: Da katako mai duhu, ba ta fito sosai ba. Daurin guga ne ya gagare mu, don komai na gem ɗin mai kusurwa huɗu ne, lanƙwasa sai dai dabara da matakala. Raƙuma kuwa akwai, tun 2023 aka saka su, mun ɗaure biyu a ƙofar gida.

Nura PES: Duk kun tafi gini kun bar mu 'yan ƙwallo. Mu ma ai abin da muke yi ke nan. Wa zai saka mana Katsina United a gem in ba mu ba? A Dream League Soccer hoton riga kake zanawa, 512 a 512, ka ɗora shi a intanet, ka liƙa adireshin a wurin canza riga, shi ke nan ƙungiyarka ta fito da kaya da tambari. A gidan gem ɗinmu kuma har yau PES 2021 muke bugawa a PS4, duk da an koma eFootball, saboda shi ake iya loda wa fayil ɗin gyara a sabunta 'yan wasa da riguna. Ranar da aka saka Katsina United da Kano Pillars a ciki babu wanda ya ɗauki Madrid. Wani har cewa ya yi a nemo mai zana filin Karkanda.

Sadiya: Yaya Nura ka ci Pillars ɗin ko dai rigar kawai ta yi kyau?

Nura PES: Ke dai bari. Wuta aka ɗauke ana saura minti biyar.

Malam Sada: Kullum wuta ce ke ceton Nura. Amma maganarsa gaskiya ce, kuma abin ya fi riga nisa. Counter-Strike kwaskwarima ce da ɗalibai biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa Half-Life a 1999, daga baya kamfanin Valve ya saye ya ɗauke su aiki. Dota taswira ce da 'yan wasa suka zana cikin Warcraft III. PUBG ɗin da kuke kwana a kai, Brendan Greene ɗan ƙasar Ireland da kwaskwarimar Arma ya fara kafin gem ɗin ya fito a 2017. Shi kansa Minecraft mutum ɗaya ne a Suwidin, Markus Persson, ya fara shi a 2009, zuwa 2014 Microsoft ya biya dala biliyan 2.5 ya mallake shi. Kamfanonin sun gane cewa in ka ba mutane kayan aiki, su za su riƙa raya maka gem shekara da shekaru. Shi ya sa Rockstar, kamfanin da ke yin gem ɗin GTA, da a da ba ya ga-maciji da masu FiveM, wata kwaskwarimar GTA V, ya jawo su jikinsa a 2023.

Abba Kofar Kaura: Malam to kuɗin fa? Ana ta yawo da cewa yara na zama miloniya a Roblox.

Malam Sada: Akwai masu samu, amma kada a ruɗi yara. Sai ka tara Robux 30,000, wato kuɗin cikin Roblox, na abin da wasanka ya jawo kafin a canza maka su zuwa kuɗin gaske, kuma dala ɗari da 'yan kai ce. Yawancin wasannin da ake ɗorawa ko 'yan wasa goma ba sa gani. Fortnite ma tun 2023 yana ware kashi 40 cikin 100 na ribar kasuwarsa ga tsibiran da aka ƙera, wato filayen wasan da ake ginawa a cikinsa, gwargwadon yadda ake shigarsu, sai dai wannan aiki yana son kwamfuta mai ƙarfi. Ni abin da nake kwaɗayi ga yaro shi ne Lua, yaren da ake rubuta wasa da shi a Roblox da Luanti. Wanda ya iya sa ƙofa ta buɗe in an taɓa ta, ya fara koyon rubuta manhaja bai sani ba.

Usman Ɗan Free Fire: Na san Anti ta ce ban da harbi, amma ga sauran: Craftland na cikin Free Fire a waya ake gina taswira, ka ba abokai lamba su shigo. Na yi wata mai lunguna irin na cikin gari, duk wanda bai saba ba ɓacewa yake. Kuma don Allah wa ke da GTA 6 na waya? An turo mini a wani zaure.

Abba Kofar Kaura: Usman goge shi yanzun nan. Babu GTA 6 na waya. Tun Disambar 2023 aka saki tallansa na farko, an ɗaga ranar fitowarsa fiye da sau ɗaya, kuma PS5 da Xbox aka ambata. Abin da aka turo maka ko San Andreas ne na 2004 aka sake wa fenti, ko kuma abin satar asusu. Anti ke ma ki lura, duk wanda ya ce zai tura wa Khalifa Minecraft kyauta ko Robux marasa iyaka, a ce masa an gode.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan fara da na Sadiya mu ga ko wayar za ta ɗauka, in ya riƙe abin da gaske babansa ya saya masa ɗayan. Bishir, Khalifa yana nan kusa da ni yana karantawa, ya ce wai hasumiyar Gobarau ta Katsina zai gina.

Bishir Daura: To ka ji manya. Khalifa, tubali ɗaya a gem mita ɗaya ne, hasumiyar kuwa wajen mita 15, in ka bi haka za ta fito 'yar ƙarama ba matakala. Ka ninka sau uku. Ka fara da gindin mai faɗi, kowane hawa ya fi na ƙasansa tsukewa. Wani na cikin gari ya ɗauko mana hotonta ta ɓangarori huɗu mana.

Abba Kofar Kaura: Gobe in na fito daga kasuwa zan biya, in sha Allah. Sadiya, a Luanti akwai tubalin laka ko sai an ƙara mod, wato kwaskwarima?

Sadiya: Bari in duba in an kawo wuta, cajina saura kashi 4.