Gwajin aure ya nuna yana da ciwon hanta, biki ya matso

'Yar Tudun Jukun: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min don Allah. An kawo lefe, an kama mana gida a Samaru, Baba har gonarsa ta Giwa ya jinginar saboda kayan ɗaki, ga Gwaggo dama can ba ta son haɗin. Mun je gwajin aure, ni lafiya lau, shi kuma aka ce yana da ciwon hanta nau'in B. Mai gwajin ya miƙo takarda ya ce "sai addu'a", bai ƙara ko kalma ba. Na saya masa maganin gargajiya jarka ɗaya, ya fara sha. In fasa ne ko yaya?

Anti Nas: Wa alaikissalam ƙanwata. Wane gwaji aka yi? Ba ki faɗa ba. In HBsAg ne kawai na tsinke, abin da ya nuna shi ne ƙwayar tana jininsa, bai nuna halin da hantar ke ciki ba. Ya je ɓangaren masu ciwon ciki da hanta a asibitin koyarwa na Shika, a yi masa gwajin jini na ALT mai nuna ko hanta na jin rauni, HBeAg mai nuna ko ƙwayar na hayayyafa sosai, HBV DNA mai ƙirga yawan ƙwayar, da hoton hanta. In bayan wata 6 HBsAg bai ɓace ba, ciwon ya zauna ke nan. Ke kuma allurar rigakafi uku: yau, bayan wata 1, sai a wata na 6. Jarkar nan a zubar.

Baban Ummi: Anti, HBV DNA ɗin nan da me talaka zai yi shi? Mai HIV kyauta ake ba shi magani da gwaji, mai ciwon hanta komai daga aljihunsa. Mutanen ƙauye ma ba sa sani sai ciki ya kumbura ya tara ruwa. Ya shiga kyamis ya sayi tenofovir, maganin da ke danne cutar, ƙwaya ɗaya kullum, a wuce wurin.

Anti Nas: A'a Baban Ummi, kar ka jefa yaro a rami. Ba kowane mai ƙwayar ne ke buƙatar magani ba, da yawa bibiya kawai ake yi musu duk wata 6. Wanda ya fara tenofovir ya daina da kansa don kuɗi sun yanke, ciwon kan taso da ƙarfi ya ji wa hanta rauni. Kuma sai an duba ƙoda da HIV kafin a fara.

'Yar Tudun Jukun: Anti ai maganin ba na kan titi ba ne, malamin sananne ne, kuma tun da ya fara sha yake cin abinci sosai.

Maman Biyu: Cin abinci ba shaida ba ce, ciwon kan yi shekaru shiru. A ɗaga bikin har ki gama allurai, sannan a auna anti-HBs, wato garkuwar da allurar ta sa miki a jini, bayan wata 1 zuwa 2, in ya kai 10 kin samu kariya. Maza dai da ke ce mai ciwon da tuni sun karɓe lefensu.

Anti Nas: Ba dole a ɗaga ba. Akwai jadawalin gaggawa, rana ta farko, ta 7, ta 21, sai ƙari bayan shekara, kafin nan su yi amfani da kororon roba. Kar a haɗa reza, buroshi ko abin yankan farce. Kwano ɗaya ba ya yaɗa shi. Duk jaririn da kika haifa a yi masa allurar cikin awa 24. A gwada mahaifiyarsa da ƙannensa, don sai a 2004 allurar ta shiga rigakafin yara a Najeriya.

'Yar Tudun Jukun: Mahaifiyarsa ba ta ma sani ba, ya hana a faɗa. Ɗaga biki kuwa Baba ba zai yarda ba. Bari ya shanye jarkar tukuna mu sake gwajin. Nawa ne allurar a Sabon Gari?