Neman shawara: me ke sa solo ɗin jita ya shiga jikin mutane?

Salam ƴan uwa makaɗa, dan Allah a taimaka min. Ni nake kaɗa lid jita a wani ban, wato rukunin makaɗa, da muke zuwa bukukuwa nan Jos, Bukuru, Rayfield da Tudun Wada haka. Yatsuna suna gudu wlh, fentatonik ɗin nan, wato jerin sautuka biyar da ake solo da su, na haddace shi tun daga wuyan jita har ƙasa, amma duk sanda mawaƙinmu ya ba ni fili in yi solo, wato ya yi shiru jitata ta ja gaba, sai in ga masu rawa sun fara neman kujera, liƙi ma ya tsaya cak sai ya dawo kan waƙa tukuna. To meye sirrin ne, jitar ce ko amfilifaya ko kuwa hannun?

Wani tsohon makaɗi daga Bukuru:
Ƙanina ba kayan ba ne. Marigayi Ɗan Maraya nan garinmu yake, kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce tal, amma har ya rasu a 2015 in ya taɓa ta kowa ya san shi ne tun kafin ya buɗe baki, kai kana da shida. Abin da nake sa yarana su yi shi ne su ajiye jitar su rera solo ɗin da baki tukuna, abin da bakinka ya kasa rerawa kunnen ƴan biki ma ba zai riƙe ba. Kuma ka fara daga amshin waƙar da aka gama ji, ka maimaita shi sak, sai ka sake shi ka ɗan karkata ƙarshen, a na uku ne za ka hau sama. A lokacin sun riga sun biyo ka. Ku matasan yanzu kuna fara solo daga inda ya kamata a gama shi.

Mai ganga:
Baba ya faɗi gaskiya amma ni matsalata da ku masu lid daban ce, da an ba ku fili sai ku manta akwai ganga a bayanku. Mai rawa ƙafarsa na bin kiɗa ne, in ka wuce ni da gudu ko ka sauka a inda ba a sauka dole ya zauna. Ka sauke manhajar metronom mai ƙirga bugun kiɗa a waya, sa ta kan bugu 70 ko 80 a minti ka kaɗa a hankali har ka gaji.

Wata mai kibod a coci:
Ɗan uwa ka dinga barin gurbi mana. Je ka saurari B.B. King, makaɗin blues na Amurka, in yana rera waƙa jitarsa Lucille shiru take, sai ya gama ta ba shi amsa, kuma sau da yawa sauti ɗaya zai riƙe yana girgiza yatsa a kai. Sannan in za ka ja tsirkiya sama ka tabbata ta kai sautin da kake nufi, rabin hanya ɗin nan shi ke cizon kunne. In kuna ki ɗin G, wato an gina waƙar kan sautin G, fentatonik ɗinka G A B D E ne, amma in an koma kod ɗin C, wato haɗin sautukan C, E da G, ka sauka kan E ko G, kar ka tsaya kan B kana jira. Ka roƙi mai kibod ɗinku ya rage ƙara lokacin solo, mu ma muna danne ku wani sa'in.

Wani ɗalibi:
Ni fa ban yarda gudu laifi ba ne. Mdou Moctar na Nijar bahago ne kuma gudu yake kamar me, har Amurka ake cika masa fili.

Tsohon makaɗi:
Yaro sake sauraronsa da kyau, gudun nasa kan ɗan gajeren layi ɗaya yake ta juyawa, ganga da bes na riƙe da shi, shi ya sa ba ya ɓata.

Mai tambaya:
Na gode sosai Baba, na gode Anti. Tsawon solo ɗin fa, kamar yaya ya kamata?

Mai ganga:
A biki bar takwas, wato gaɓar kiɗa takwas, ya isa, in ka ga an taso da liƙi ka ƙara takwas. Kuma sanyin Disamba na nan tafe, ka dinga ɗumama yatsu kafin a hau, Asabar ɗin nan ka sa wani ya ɗauke ka a waya ka turo mana mu ji.