Abin da aka tsayar a Nima kan jita-jitar waya

A zaman da aka yi da matasan unguwar Nima da ke Accra, Ghana, bayan sallar isha'i, an fi daɗewa kan saƙonnin murya na WhatsApp. Dattawa sun ce duk saƙon da ya zo babu sunan mai magana, yana zagin wata ƙabila ko jam'iyya, kada a tura shi gaba. A fara duba shafukan tantance labarai na GhanaFact ko Dubawa. Damuwata ita ce, ƙaryar da aka faɗa da Hausa takan gama zango kafin masu tantancewa su ji ta.

Wani malami ya tuno rikicin zaɓen mazaɓar Ayawaso West Wuogon da ke Accra na 2019, ya roƙi samari su guji bangar siyasa. Mai janyo yara ga 'yan bindigar Sahel kuwa, a kira lambar jami'an tsaro, 999, a kai rahotonsa.